Mari a Kusa, Asibiti a Nesa: Tarihin Neman Maganin Shaye-shaye a Ƙananan Garuruwan Arewa

A watan Oktoban 2019, 'yan sanda suka shiga wani gida a Daura da aka daɗe ana kira makarantar gyaran tarbiyya, suka fito da mutum 67, manya da yara, da yawansu da mari a ƙafa. Makonni kaɗan kafin nan an kai irin wannan samame a Rigasa ta Kaduna, inda aka kuɓutar da fiye da mutum 300. Kafin shekarar ta ƙare an ɓalle ƙofofin irin waɗannan gidaje a Katsina da Zariya da Ilori da Ibadan. Hotunan tabon bulala da ƙafafun da ƙarfe ya ci suka zaga duniya, hukumomi suka ba da umarnin rufewa, aka gurfanar da wasu masu gidajen a gaban shari'a.

Abin da hayaniyar ta danne shi ne yadda mutanen suka shiga. Galibinsu iyaye da 'yan'uwa ne suka kai su da hannunsu, suka biya kuɗi, suka yi wa malami godiya, suka koma gida da fatan an sami mafita. Wasu an kai su ne don taɓin hankali, wasu don ɗauke-ɗauke ko taurin kai, da yawa kuma don shaye-shaye. Uban da ya yi haka bai rasa ƙaunar ɗansa ba. Ya duba garinsu ne ya ga ƙofa ɗaya tak a buɗe. Dalilin da ya sa magidanci a Daura ko Gumel ko Nguru ko Yawuri yake samun mari a bayan gidansa, likita kuma sai ya yi doguwar tafiya, yana cikin tarihin da ya haura shekara ɗari.

Gadon gidan yari

Kafin zuwan Turawa, ƙasar Hausa tana da hanyoyinta na kula da wanda hankalinsa ya gushe. Malamai suna yin tofi da rubutun sha, bokaye suna ba da saiwoyi da turare, 'yan bori suna yin girka. Wanda ya yi ƙamari har ana tsoron ya ji wa kansa ko wani rauni, ana sa masa mari a cikin gida ko a wurin mai magani. Haka kuma an san al'adar kai kangararren yaro wurin malami don ya ladabtu. Duk waɗannan suna cikin gari, kusa da dangi, kuma mai magani mutum ne da aka san asalinsa.

Gwamnatin mulkin mallaka ba ta zo da wani abin da zai maye gurbin wannan ba. Gidajen mahaukatan da ta buɗe, kamar na Yaba a Legas a 1907, wuraren tsarewa ne don kawar da masu tada hankali daga kan titi. Dokar mahaukata ta 1916 ta ba alƙali da likitan gwamnati ikon tsare mutum, ba ta kuwa ɗora wa kowa alhakin warkar da shi ba. A Arewa, inda aka bar mulki a hannun sarakuna, galibi wani sashe na gidan yarin En'e ake keɓe wa masu taɓin hankali, gandirobobi ne ke tsaronsu. Likitocin da gwamnatin ta gayyato daga waje a shekarun 1930 da 1950 don su duba lamarin sun rubuta rahotanni masu nuna munin wuraren, amma kuɗin gyara bai fito ba.

Darasin da talaka ya ɗauka daga wannan zamani ya daɗe a zukata: in ka miƙa naka ga hukuma, kulle shi za a yi. Tunda kullewa ce a can, kullewa ce a nan, gara wurin malamin da aka sani, inda aƙalla za a yi masa addu'a.

Giya: laifi kafin cuta

Tarihin giya ya bi tasa hanyar. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana shigar da barasar Turai yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, kuma Turawa suka sa Arewacin Najeriya cikin wannan haramci. An bar kafa ga Turawan kansu da baƙin da ke zaune a Sabon Gari, burkutu kuma ta ci gaba da dahuwa a garuruwan da ba na Musulmi ba. Ga Musulmi kuwa, addini ya haramta, dokar Nasara ta hana. Lokacin da Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a ƙarshen 1999, jihohi goma sha ɗaya suka bi sahunta, sai haramcin ya ƙara ƙarfi.

Wannan ya rage yawan mashaya, amma ya yi wa wanda ya riga ya kamu wata irin katanga. Mashayin giya a ƙaramin gari mutum ne mai ɓoyo. Yana sha a bayan gari ko a barikin soja, iyalinsa suna rufa masa asiri. Ba zai je asibitin garinsu ya faɗi gaskiya ba, domin mai yankar kati maƙwabcinsa ne, ma'aikaciyar jinya kuma ƙawar matarsa ce. Sau da yawa likita ba ya ganinsa sai hanta ta kumbura ko ya yi hatsari a hanya. Al'ummar da ta ɗauki abu laifi ne kawai ba ta cika tanadar masa gadon asibiti ba.

Abin da aka gwada a Aro

A 1954 wani matashin likita, Thomas Adeoye Lambo, ya dawo garinsu Abeokuta bayan karatu a Ingila, shi ne Ɗan Najeriya na farko da ya ƙware a likitancin ƙwaƙwalwa irin na zamani. Ginin asibitin Aro bai kammala ba, mutane kuma suna tsoron wurin. Sai Lambo ya nemi yardar dagatan ƙauyukan da ke kewaye, aka riƙa saukar da marasa lafiya a gidajen mutane. Sharaɗinsa shi ne kowane mara lafiya ya zo da ɗan'uwa, uwa ko ƙanwa ko inna, wanda zai zauna da shi, ya dafa masa abinci, ya raka shi asibiti da safe ya dawo da shi da yamma. Masu gida suna karɓar kuɗin haya, ƙauyukan kuma suka sami ruwa mai tsafta da kulawar likita. Lambo ya kuma jawo wasu masu maganin gargajiya cikin aikin, abin da ya ba abokan aikinsa Turawa mamaki.

Tsarin ƙauyen Aro ya yi suna a duniya, Lambo kuma ya kai matsayin mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Shi da abokin aikinsa Tolani Asuni suna cikin waɗanda suka fara rubutu a shekarun 1960 kan matasan da tabar wiwi ke kawowa asibiti. A Aro ɗin ne aka buɗe sashe na musamman na masu shaye-shaye a 1983, irinsa na farko a ƙasar.

Muhimmancin Aro ga wannan tarihi shi ne ya nuna hanya ta uku tana yiwuwa. An yi magani ba tare da mari ba, ba tare da raba mutum da danginsa ba, kuma da kuɗi kaɗan. Sai dai gwamnatocin da suka biyo bayan samun 'yanci sun yaba wa tsarin da baki, suka zuba kuɗinsu a manyan gine-gine a manyan birane. Ba a dasa irin ƙauyen Aro a Haɗeja ko Fataskum ba.

Zamanin dokokin soja

Ana danganta yaɗuwar tabar wiwi a Najeriya da sojoji da matuƙan jiragen ruwa da suka dawo daga Indiya da Bama bayan yaƙin duniya na biyu. Martanin hukuma kullum ta ɓangaren hukunci yake fitowa. Dokar soja ta 1966 ta tanadi hukuncin da ya kai na kisa ga mai noma wiwi, da ɗaurin shekara goma ga mai sha. Doka mai lamba 20 ta 1984, a mulkin Janar Muhammadu Buhari, ta kai ga harbe mutum uku a Legas a watan Afrilun 1985 bisa laifin fataucin ƙwaya. A 1989 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa hukumar NDLEA da doka mai lamba 48.

Abin da ya fi damun gwamnati a lokacin shi ne sunan ƙasa a idon duniya, saboda masu safarar hodar iblis da ake kamawa a filayen jiragen saman Turai da Amurka. Dokar NDLEA ta ambaci ba da shawara da gyaran hali, amma hukuma ce ta kame, ma'aikatanta masu kaki da bindiga ne, ɗakunan gyaran halin da take da su kuma galibi suna manyan ofisoshinta na hedkwatar jiha. Uwar da ke son a taimaki ɗanta sai ta yi tunani sau biyu kafin ta kai shi gidan da ake tsare dillalai.

A ɓangaren asibiti, an shafe shekaru ana da manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya guda takwas a duk ƙasar. Uku ne kawai a Arewa mai jihohi goma sha tara: na Barnawa a Kaduna, na Kware kusa da Sakkwato, da na Maiduguri. Sai asibitin Dawanau a wajen Kano, da sassan ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa kamar na Zariya da Jos da Kano. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, mafi yawansu a manyan birane suke, wasu kuma kullum suna kan hanyar ficewa waje.

Ƙwaya ta riga likita isa ƙauye

Yayin da magani ya tsaya a birni, cutar ba ta tsaya ba. Tun shekarun 1970 direbobin dogon zango da leburori da manoma suka san ƙwayoyin hana barci da ƙara kuzari. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, asibitocin gwamnati suka koma rubuta takarda a je a sayo, sai kemis da mai tallar magani a faranti suka zama likitocin talaka. Ta wannan hanya ce ƙwayoyin sa barci, da maganin tari mai kodin, da tiramadol suka shiga kowace kasuwar ƙauye. Hukumar NAFDAC ta amince da tiramadol mai ƙarfin miligiram 50 da 100 ne kawai, amma wanda ake fasa-ƙwaurinsa daga Indiya yana kai 200 zuwa 225. Wanda ba shi da kuɗin waɗannan yana da sholisho da gadagi da zaƙami.

A ƙarshen Afrilun 2018 sashen binciken BBC ya fitar da rahoton da ya nuna yadda kodin ke fita ta bayan gida daga kamfanonin magani, da matasan da aka ɗaure da sarƙa a wata cibiyar gyaran hali a Kano. Washegari gwamnatin tarayya ta hana shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin. A farkon 2019 aka wallafa binciken ƙasa na farko mai faɗi, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar da tallafin ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Ya gano mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wata ƙwaya a shekarar da aka duba. Miliyan 10.6 wiwi suka sha, miliyan 4.6 magunguna irin su tiramadol, miliyan 2.4 maganin tari. Kusan miliyan uku sun kai matakin cutar da ke buƙatar magani. Shiyyar Arewa maso Yamma kaɗai tana da kimanin mutum miliyan uku masu amfani da ƙwaya. Cikin waɗanda suka fi shiga haɗari, kusan kashi 40 cikin ɗari sun ce suna son magani amma ba su samu ba, saboda tsada da tsangwama da rashin wurin zuwa.

Binciken ya kuma nuna ɗaya cikin kowane mutum huɗu masu shan ƙwaya mace ce. A ƙaramin gari, ita ce ta fi kowa nisa da magani. Matar aure ba ta kwana a wani birni ba tare da dangi duka sun san dalili ba, budurwa kuma iyayenta suna tsoron maganar ta fita ta hana ta miji. Sai a rufe ɗaki a yi shiru.

Lissafin da magidanci ke yi a fili yake. Zuwa babban asibiti yana nufin kuɗin mota na mutum biyu ko uku, kuɗin gado na makonni, barin gona ko shago, sannan komawa ganin likita wata bayan wata. Gidan mari kuwa yana nan kusa, kuɗinsa ana iya biya da kaɗan-kaɗan, kuma in an tambaya sai a ce yaro ya tafi karatu. Hausawa na cewa rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki.

Me ya sa kullewa ba ta warkarwa

Gidan mari ya daɗe ne domin a ido yana kama da mai aiki. An raba mutum da ƙwaya wata shida, ya yi ƙiba, ya iya wasu surori, ya dawo yana sunkuyar da kai. Bayan 'yan makonni ya koma majalisarsu ta dā, ga abokai, ga kemis, ga zaman banza, sai ya koma ruwa. Iyaye su ce horon bai isa ba, a mayar da shi.

Ilimin likitanci ya bayyana dalili. Fitar da ƙwaya daga jiki shi ne mataki mafi gajarta, kwanaki ne ko makonni. Amma ƙwaƙwalwar da ta saba tana ci gaba da ƙishirwa wata da watanni, kuma wuri da mutane da damuwar da suka saba haɗuwa da shan su ne ke tayar da ita. Sannan matakin farkon kansa yana da haɗari. Wanda ya daɗe yana shan giya da yawa ko ƙwayar sa barci, in aka yanke masa rana ɗaya ba tare da magani ba, yana iya kamuwa da jijjiga da ruɗewa har ya rasa ransa. Wanda kuma aka raba da kodin ko tiramadol na tsawon lokaci, jikinsa ya daina jure adadin da ya saba, in ya fito ya sha kamar dā yana iya mutuwa. Da yawa daga masu shaye-shaye suna ɗauke da ciwon damuwa ko wani taɓin hankali a ƙarƙashi, wanda bulala ba ta kai gare shi.

Ƙasar da ta fi Najeriya kuɗi ta riga ta gwada kullewa mai tsafta, sakamakon bai bambanta ba. A 1935 gwamnatin Amurka ta buɗe wata katafariyar cibiya a wajen garin Lexington na jihar Kentaki, rabi asibiti rabi gidan yari, da gona da likitoci da abinci mai kyau. Aka riƙa kawo masu shan ƙwaya daga birane masu nisa. Da aka bi sawun waɗanda aka sallama, sai aka tarar kusan tara cikin goma sun koma sha. Wurin da mutum zai koma ya zauna shi ne fagen da ake cin nasara ko a faɗi, kuma a can ne ba a ajiye masa kowa ba. Wannan shi ne abin da Lambo ya fahimta a Aro.

Doka ta canja, taswira ba ta canja ba

A kan takarda, Najeriya ta san maganin matsalar tun da daɗewa. Manufar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 1991 ta ce a shigar da wannan kulawa cikin ƙananan asibitocin matakin farko, waɗanda ke kusan kowace gunduma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a 2010 da ke koya wa ma'aikatan jinya da jami'an lafiyar al'umma yadda za su gane matsalar giya da ƙwaya, su ba da shawara, su kula da mai sauƙi, su tura mai tsanani gaba. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, wadda ita ma jikar ta 1916 ce. Sabuwar dokar ta ba mara lafiya haƙƙoƙi, ta kuma sa iyaka ga tsarewa da ɗaurewa.

Akwai kuma shaida daga cikin gida cewa ba lallai ne a yi gaba da malamai da masu maganin gargajiya ba. Wani gwaji da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, wanda aka wallafa a 2020, ya haɗa ma'aikatan ƙananan asibitoci da masu maganin gargajiya da na addini wajen kula da masu taɓin hankali mai tsanani. Waɗanda suka sami kulawar haɗin gwiwa sun fi samun sauƙi. Gwajin bai shafi shaye-shaye kai tsaye ba, amma ya nuna ana iya shiga wuraren da jama'a suka riga suka yarda da su, a kai magani, a cire sarƙa.

Samamen 2019 ya rufe gidaje, bai buɗe wani abu a madadinsu ba. Iyalan da aka mayar wa 'ya'yansu sun koma da matsalar da ta sa suka kai su tun farko, kuma inda buƙata take ba a rasa mai buɗe wani gidan a ɓoye. Abin da ƙaramin gari ke buƙata ba ya kai girman asibitin Barnawa: gadaje kaɗan a babban asibitin ƙaramar hukuma don kwanakin farko masu haɗari, ma'aikacin jinya da aka horar wanda zai riƙe sirri, rana ɗaya a mako ta ganin waɗanda aka sallama, likitan birni da za a iya tuntuɓa ta waya, da limami da mai unguwa da suka san inda za su tura uba in ya zo musu da kuka. Galibin wannan aiki a hannun gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi yake, domin su ke riƙe da waɗannan asibitoci, kuma a kasafin kuɗinsu ne za a ga ko dokar 2023 za ta isa garuruwan da ba hedkwatar jiha ba.